Facin Gwiwar Wando Ɗaya

Matar mai guga ce ta fara kawo mini zancensa. Ina bakin famfo ina ɗauraye kwanuka ta zo ta tsuguna kusa da ni, ba ruwa ta zo ɗiba ba, bokitinta a cike yake. Ta ce, "Umma, kin ga sabon ɗan hayar ɗakin lungu? Wandonsa ɗaya tal a duniya. Jiya na gan shi yana yi masa wanka kamar jaririn kwana bakwai." Na yi dariya, Allah ya yafe mini.

Ni ban iya rubutu ba. 'Yata ta fari ce ke riƙe da biro, na kuma ce mata abin da ya fito daga bakina shi za ta sa, ko da ya taɓa ƙaninta. Zai kuwa taɓa shi. Ki rubuta cewa na yi dariya, kada ki gyara mini.

Gidanmu na haya ne, ɗaki tara, famfo ɗaya, igiyar shanya biyu. A gida irin wannan suna ba ya wuyar kamawa. Kafin sati ya zagayo kowa Wando Ɗaya yake ce masa, har mai karɓar kuɗin wuta. Shi kuma yana amsawa. Mutum ne siriri, tsaf da shi, zai yi shekara talatin da 'yan kai, ba mata ba ɗa. Tafiyarsa a hankali yake yinta, yana ɗan jan ƙafar hagu, samarin layi suna cewa yanga ce, wai tafiyar masu kuɗi yake koyo tun kuɗin bai zo ba. A kantin kayan lantarki yake aiki, inda ake sayar da firij da fanka da talabijin. Nan Autana yake aiki shi ma, shi ne ma ya gaya masa akwai ɗaki a gidanmu.

Wandon jins ne, shuɗi mai duhu. Sau ɗaya yake wanke shi a sati biyu, ranar da ba a buɗe kanti. Sai ya juya shi ciki waje, ya jiƙa a ruwan sanyi da ɗan gishiri, ba buroshi, ba matsa. Ya shanya a inuwa, ya sa doguwar riga har ƙasa ya zauna a bakin ƙofa yana gadinsa. Mai guga ya taɓa cewa ya kawo a goge masa kyauta, ya ce a'a ya gode, wuta tana kashe yadi. Matar ba ta yafe masa wannan ba. Duk ranar wanki sai ta leƙo ta ce, "Yaya mai jiki? An yi masa turare?"

Ina da keken ɗinki na hannu, ina yi wa 'yan gida faci. Wata safiya na idar da walaha ke nan ya yi sallama, da doguwar rigar nan, wandon a ninke a hannu. Ya ce, "Umma, faci nake so, amma ta ciki. Kada zare ko ɗaya ya leƙo waje."

Na juya wandon. Gwiwar hagu ta ciki ta cinye ta yi laushi kamar gizo ya saƙa, ga baƙin mai, ga tsatsa. Na ce, "Kai kuwa me ke cin wandonka ta ciki? Ɓera kake kiwo a gwiwa?"

Ya dubi tsakar gida, ya saki labulen ƙofata, ya ɗage rigar. Ƙarfe biyu ne suka taso daga takalminsa har sama da gwiwa, da ɗaurin fata guda uku, da maƙulli a gwiwa. Ƙafar da ke tsakaninsu ba ta fi muciya kauri ba. Ya ce tun yana shekara uku ciwo ya shanye ta.

Ranar ya zauna ya ba ni labari ina ɗinki. Ya ce ya nemi aiki a gidan burodi, da gidan mai, da kantin magani. Ko'ina hira tana daɗi har sai idon mai wurin ya sauka ƙasa. Wandon yadi ba ya rufa asiri, yana kwanciya a jikin ƙarfe ya zana shi, sati guda kuma maƙullin ya huda shi. Sai ya lura jins yana tsayawa da kansa, ba ya bin jiki. Ya ga wani sabo a shagon gilashi, ya tambayi kuɗinsa, ya ce abincin wata guda ne cur, ya fito. Ya koma wurin mai gwanjo.

Ya ce, "Umma, matsalar ita ce ba zan iya gwadawa a gaban mutane ba." Sai ya ciro wata igiya daga aljihu ya nuna mini, da ƙulli uku a jikinta. Na farko faɗin ƙugunsa, na biyu faɗin gwiwa da ƙarfenta, na uku tsawon da zai rufe takalmin, don na hagu ya fi na dama tudu. Duk ranar da ake fasa dila sai ya je da sassafe ya tsuguna yana aunawa. Mai roba ba ya so, yana manne wa jiki. Mai buje ba ya so, wai za a ce kakan wani ne ya zo neman aiki. Mai haske yana nuna dauɗa, a yi ta wanki har ya mutu. Sai ya ɗaga kowanne ya duba tsakanin cinya a rana, in haske ya ratso ya ajiye. Zuwa shida ya yi. Mai gwanjo har ya gaji ya ce masa, "Malam, wando kake nema ko matar aure?" A na shidan ya sami wannan. Zif ɗinsa a karye, da ɗan tabo a ƙasan ƙafa, shi ya sa kuɗin ya sauko inda hannunsa zai kai. Ya sa aka canja zif, ya sa wandon, ya shiga kantin lantarki, aka ɗauke shi a ranar.

Ya ce, "Mai kanti ya faɗa da bakinsa, ba ya ɗaukar wanda ba zai hau tsani ba. Ranar da ya sani, ranar zan tafi. Amana ce na ba ki, Umma."

Na ce, "Tsakanina da kai sai Allah." Haka na ce. Ki rubuta.

Na nemi ƙyalle mai laushi mai ƙarfi ban samu ba, sai na yanko daga tsohon zanen da na goyi Auta da shi. Na ninka biyu na kama shi da jikin ɗinkin gefe, ko allura ɗaya ba ta fito waje ba. Ya shafa ya ce tunda yake bai taɓa jin gwiwarsa ta huta haka ba.

Daga nan ya zama kamar ɗan ɗakina. Shi ke karanta mini takardar maganin hawan jini, ya ce wannan da safe, wannan bayan abinci. Shi ke nemo mini lambar 'yata a waya. In na dafa na zuba masa. Mun fi shekara a haka, bakina a rufe.

Wata rana gab da magariba na gan shi a bakin famfo, fuskarsa ta yi toka. An kawo sabon kaya kanti, ya wuni yana hawa da sauka da fankoki. Ya juya baya yana wanke safa, na ga ruwan ya yi ja. Ɗaurin fatar ne ya yanke shi. Na koma ɗaki zuciyata ba daɗi. Da Auta ya zo cin abinci na ce masa, "Don Allah ka riƙa hawa wa ɗan'uwanka tsani. Ka nemi lada."

Ya ce, "Shi ba shi da ƙafa ne?"

Da na yi shiru a nan da shi ke nan. Amma ina ganin ɗana ne, na san nonon da ya sha. Na gaya masa. Ƙarfen, ɗaurin, jinin, har maganar mai kanti. Na ce amana ce, kada ta wuce ɗakin nan. Ya ce, "Haba Umma, ni da wa zan yi wannan zance?" Ya ci gaba da cin abincinsa, har ya nemi ƙari.

Tsanin kuwa ya riƙa hawa masa. Wata biyu duk abin da ke sama Auta ne ke ɗaukowa, ba a roƙe shi ba. Wando Ɗaya ya zo yana sa masa albarka a gabana, ya ce, "Umma, kin iya tarbiyya." Na ji daɗi. Na yi ta yi wa Allah godiya a kan sallaya, ina ganin na haɗa alheri.

Sai shugaban ma'aikatan kantin ya ajiye aiki. Mai kanti ya ce cikin mutum biyu zai zaɓi ɗaya, Auta ko Wando Ɗaya. Kowa ya san inda abin ya karkata. Masu saye shi suke tambaya, don ya san firij ɗin da ke jure ɗaukewar wuta da wanda zai mutu cikin wata uku, kuma yana faɗin gaskiya. Auta kuwa yana da ƙarfi, yana da baki, yana kuma son aure.

Da ɗana ya je ya tona da bakinsa, da na ce fushi ne ko shaiɗan na minti ɗaya. Bai yi haka ba. Ya sami mai kanti ya ce, "Maigida, dubi kantin tsallaken titi. Yaransu duk wando iri ɗaya, baƙin jins tsukakke, abin sha'awa. Mu kuwa kowa da nasa kamar 'yan gudun hijira." Mai kanti ya leƙa ya gani, abin ya shige shi. Ya aika aka sayo masu araha, irin mai robar nan da ake ce wa fensir, ya raba. Ya ce daga Litinin wanda bai sa ba ya zauna a gida.

Ranar Asabar da yamma Wando Ɗaya ya shigo ɗakina da sabon wandon. Ya ce, "Umma, ke kaɗai kika sani, ke kaɗai za ki taimake ni." Ko tafin takalmin bai shiga ba, balle ƙarfe. Na ce a farke gefe a ƙara yadi. Ya ce za a gani, nasa zai fita daban, za a tambaya. Na ce ya roƙi mai kanti ya bar shi da tsohon. Ya ce ya roƙa, an ce masa, "Kai wane ne da za ka fi kowa?"

Ya riga ya yi nasa tunanin. Zai bar ƙarfen a gida, ya naɗe gwiwar da bandeji tamau. Ni kuma in ɗinka soso a cikin ƙafar hagu don ta cika ta yi daidai da ta dama. Ya zo da soson ma, ya farke shi daga matashin kujerarsa.

Na ce, "Za ta ɗauke ka?"

Ya ce, "In na jingina da firij zan kai yamma. Sati ɗaya kawai nake so, a yi zaɓen nan. Shugaba a kan kujera yake wuni."

Na ce, "Wa ya kawo shawarar wandon nan?"

Ya ce, "Auta ne. Amma ai bai san komai ba, shi gaye kawai yake so."

Allura tana hannuna. Yana kallona yana murmushi. Na zura zare. Na ɗinka masa soson, na rage shi wajen idon sawu, na cika shi wajen sha-raba, har ya yi siffar ƙafar mutum. Ban taɓa yin ɗinki mai kyau irin wannan ba. Ya ce Allah ya saka mini da Aljanna, na ce amin.

Washegari na tsare Auta. Na ce, "Ka san abin da ka yi."

Ya ce, "Wando na ce a saya. Kin ji na ambaci ƙafar wani?"

Na ce, "Rantse mini ba da gangan ba ne."

Ya ce, "Ni ba na rantsuwa a kan wando." Ya ɗauki kwalbar maganina ya girgiza, saura ƙwaya kaɗan. Ya ce, "Wannan in ya ƙare, ɗan lungu ne zai saya miki?" Ya ajiye ya fita. Ɗakin lungu taku goma ne daga ƙofata. Ina da wuni guda cur da zan taka in je in faɗi gaskiya. Na wuni ina jan carbi.

Abin da ya faru Litinin ban gani da idona ba. Mai guga yana wurin, ya kai wa mai kanti kayansa, matarsa kuma ta kawo mini shi da zafinsa, tana yi tana share hawayen dariya.

Wando Ɗaya ya kai har kusan azahar a tsaye. Ya sayar da firij ɗaya ma. Sai wata mata ta nuna fanka a can saman kanta ta ce ita take so. Wando Ɗaya ya dubi Auta kamar yadda ya saba. Auta ya harɗe hannu ya ce, "Yau bayana ke ciwo, ɗan'uwa. Hau mana, ga maigida yana kallo."

Ya hau. Taki ɗaya, biyu, uku. Ya miƙa hannu ya kamo fankar. Da ya juyo zai sauko gwiwar ta lanƙwashe. Ya faɗo shi da fankar, wandon ya farke daga gwiwa har ƙasa, dama yadin banza ne ga shi an cusa masa abin da ya fi ƙarfinsa. Soso ya faɗo gefe, bandeji ya warware, ƙafar ta fito fili kowa yana gani.

Matar mai guga ta ce direban kanti ne ya fara tuntsirewa da dariya. Auta ya sunkuya ya ɗauki soson da yatsa biyu ya ɗaga ya ce, "Maigida, wani ya yar da ƙafarsa. A sa a kanta ko a mayar wa mai kujera?"

Mai kanti fankar ya fara dubawa. Ya jona ta, ya ga tana juyawa, sannan ya waiwayo. Ya ce, "Ashe shekara biyu ƙafar katifa nake biya albashi."

Wando Ɗaya yana ƙasa ya ce, "Maigida, firij nawa na sayar maka da ƙafar nan?"

Ya ce, "Nan kanti ne, ba asibiti ba. Cire mini rigar kantina. Wandon ka tafi da shi, ka riga ka kashe shi."

Cikin ma'aikata bakwai ba wanda ya miƙa masa hannu. Mai guga ne ya ɗaga shi, ya lulluɓa masa zanen gado na wani, ya ɗora shi a kan babur tsakanin ƙullin kaya ya kawo shi gida. Kafin la'asar matarsa ta canja masa suna. Tana tsakar gida tana cewa, "A yi a hankali da kujeru, jama'a, Ƙafar Katifa yana neman kayan gyara."

Kwana uku bai fito ba sai don alwala. Na kai abinci na ajiye a ƙofarsa, na dawo na tarar da shi yadda na bar shi. Rana ta huɗu na ɗaga labule da safe na ga abu a kan dokin ƙofata. Facin nan ne, ƙyallen goyon Auta. Ya farke shi daga tsohon wandonsa, ya wanke, ya ninke gida huɗu. Zaren ma ya tsince shi ɗaya bayan ɗaya ya ɗora a kai.

Bai tambaye ni komai ba. Mutumin da ya auna wando da igiya sau shida ba zai kasa auna wannan ba. Wa ya ce wa Auta ya fara hawa masa tsani?

Na same shi a bakin famfo na ce, "Ɗana."

Ya ce, "Hajiya, ɗanki yana kanti." Ya rufe famfo ya wuce. Ni ban taɓa zuwa hajji ba, ya sani. Sunan da 'yan kasuwa ke kiran duk matar da ba su sani ba ne. Ƙarshen wata ya kwashe kayansa.

Auta ya zama shugaba. Yanzu a kan kujera yake wuni. Ya yi aure, maganina ba ya yankewa, duk wata ana sauke mini buhu a ƙofa. Ina ci. Kada ki tsallake wannan, ina ci, ina kuma sha. Na tambayi malamin da ke mana karatu, ban ambaci suna ba. Ya ce haƙƙin Allah istigfari yana goge shi, haƙƙin mutum kuwa sai mutumin ya yafe.

Na bincika aka ce yana rumfar mai gwanjon nan. Na je. Yana zaune a kan benci tsakanin tulin wanduna, ƙafar hagu a miƙe. Tsohon wandon ne a jikinsa. Tunda ba faci maƙullin ya cinye gwiwar ya fito, ƙarfen yana ƙyalli a rana, bai ko rufe ba.

Ya ɗago ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Na wa za a duba miki?"

Na ce, "Gafara na zo nema."

Ya ce, "Ba mu fasa dilarta ba." Ya juya wajen wani saurayi da ke jira.

Na sake komawa bayan wata biyu, ban iya ƙarasawa ba, na tsaya a rumfar mai takalma ina hangensa. Yana nan har yau. Mai gwanjo ya ba shi benci da abincin rana da ɗan abin da ya samu, shi kuma yana zaɓa wa mutane. Yana da igiyoyi da yawa yanzu, kowa ya zo ya ɗaura masa ƙullinsa. Na ji yana ce wa wani, "Ajiye wannan, kyau ne kawai, wanki uku zai mutu. Ɗauki mai duhun, ka ɗaga shi a rana tukuna. Tsuguna mu gani. In ba za ka iya sujada da shi ba, ba naka ba ne." Wani ɗan gaye ya nuna hujin gwiwarsa ya ce, "Baba, irin naka nake so, a ina ake yin wannan yagar?" Ya ce masa wannan ba ta sayarwa ba ce, ya jawo wani wandon daga ƙasan tuli ya fara aunawa.